Dare takwas a Kirit: yadda na raba su yau

Laraba. Tun bayan sallar asuba nake kan taswirar Kirit, tsibiri mafi girma a ƙasar Girka, saboda Yaya da matarsa suna da dare takwas kuma sun so su kama otal ɗaya a tsakiya su riƙa fita suna dawowa. Na ce masa, "Yaya, wannan tsarin zai cinye muku hutun a kan titi." Tsawon tsibirin daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 260 ne. Babbar hanya tana bin gaɓar arewa, amma duk abin da ke kudu sai an ƙetare duwatsu. Tsaunin Psiloritis ya kai mita 2,456, Lefka Ori ma kusan haka. Kilomita 70 a taswira na iya zama awa biyu a mota.

Da hantsi na tsayar da rabo: dare biyar a birnin Haniya da ke yamma, uku a birnin Hirakliyon da ke tsakiya. A allunan hanya Chania ko Hania ake rubuta na farko. Kowannensu yana da filin jirgin sama, don haka tikitin ya zama sauka a Haniya, tashi daga Hirakliyon. Tsakaninsu kusan kilomita 140 ne, wajen awa uku a bas ɗin KTEL mai zirga-zirga tsakanin garuruwa, ba sai an maimaita hanyar ranar komawa ba. Idan motar haya ce, a tambayi kuɗin ajiye ta a wani gari tun kafin a sa hannu.

Dare ake ƙirgawa, ba yini ba. Dare biyar yini huɗu ne cikakku, tunda galibin otal sai wajen ƙarfe uku na rana suke ba da ɗaki, su karɓe shi kafin azahar ranar fita. Shi ya sa na soke batun kwana ɗaya a Retimno, garin da ke tsakanin Haniya da Hirakliyon: ɗaure kaya da kwance kaya kawai zai zama. A tsaya can cin abincin rana a hanya ya isa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne kwazazzabon Samariya. Tafiyar ƙafa ce ta kilomita 16, awa biyar zuwa bakwai, daga Ksiloskalo da ke sama da mita 1,200 a gangaro har bakin teku a Agiya Rumeli. Ƙauyen ba shi da hanyar mota. Sai jirgin ruwan yamma zuwa Sfakiya ko Sugiya, sannan bas. Wanda ya je da motar haya ya bar ta a sama ya jawo wa kansa wahala, wanda kuma ya makara jirgi ya tafi, a ƙauyen zai kwana. Daga Mayu zuwa Oktoba ake buɗe wurin, kuma ana rufewa idan aka yi ruwa mai yawa. Na sa shi a yini na biyu don a sami damar ɗagawa, washegari kuma hutu ne zalla, domin gangaren farko gwiwa yake ci.

Sauran yini biyun na bakin teku ne: Elafonisi mai yashi ruwan hoda, da Balos. Hanyar Balos ta ƙarshe burji ce, kuma inshorar yawancin motocin haya ba ta biyan ɓarnar da aka yi a kanta. Gara jirgin ruwa daga Kisamos. A Yuli da Agusta iskar meltemi na kaɗawa daga arewa, don haka a duba hasashen iska da safe kafin a zaɓi wanda za a fara.

Bayan la'asar na koma kan unguwa. Tsohon garin Haniya yana da kyau ƙwarai, ga hasumiyar tashar ruwa, ga tsohon masallacin Yali na zamanin Daular Usmaniyya mai ƙubba, wanda yanzu zauren nune-nune ne. Amma lungunan mota ba ta shiga, gidaje da yawa ba su da lif, matakala ce siririya mai tsayi, kuma ɗakin da ke kallon ruwa hayaniya ce har tsakar dare. Na zaɓi Neya Hora, minti goma sha biyar a ƙafa, mai bakin teku da wurin ajiye mota. Ɗaki mai ɗan kicin ya fi, saboda naman alade ya yawaita a gasasshen naman kan titi. Kifi, wake, da dakos, wato busasshen burodin sha'ir da tumatir da cuku da man zaitun, ba su da matsala.

Hirakliyon ba ta kai Haniya kyau ba, amma Kinosos, kangon tsohuwar fada, na nan kilomita biyar daga gari. A isa da buɗewa ƙarfe takwas kafin rana da ayarin baƙi, da yamma a shiga gidan tarihin Hirakliyon inda ainihin zane-zanen bangon fadar suke. Yini na biyu Festos, wani kangon fada a kudu, da bakin tekun Matala. Gabas, su Agiyos Nikolawos da Sipinalonga, na bar ta sai wata tafiyar.

Kafin isha na tura masa otal biyun, duka masu ba da damar sokewa ba tare da asara ba, domin takardar bizar Shengen, wadda ake shiga Girka da ita, na neman shaidar masauki na kowane dare da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Gobe sai batun tikitin jirgi ta Atina, babban birnin Girka.