Zuwa ga 'yan'uwa a Katsina: Maganar ciwon ƙoda da abin da muke kira bangaskiya

'Yan'uwa a cikin Almasihu, ina gaishe ku daga Ingila, inda nake aikin jinya a sashen wankin ƙoda. Da yawanku kun san halin da mijin yayata yake ciki tun bara da ƙodojinsa suka gaza, wasunku ma kun sa hannu a aljihu. Allah ya sāka. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma ba a kan gidanmu kaɗai ta tsaya ba.

Idan ƙoda biyu suka gaza, inji ne ke tace jini a madadinsu, sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. A nan gwamnati ke biya. A gida kuwa malamin firamare kamar mijin Yaya ne zai nemo kuɗin, ga allurar ƙara jini, ga gwaje-gwaje, ga kuɗin mota. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma wanda ba ya kusa da su sanarwar kawai ya ji. Yaya ta sayar da keken ɗinkinta, aka sayar da babur, daga baya gonar gado ta wajen Malumfashi ta bi su. Yanzu sau ɗaya ake yi masa a mako, idan an samu.

Ana cikin haka wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa ya ɗora masa hannu, ya ce an warkar da shi, komawa kan inji rashin bangaskiya ne. Bawan Allah ya gaskata, ya daina zuwa. Kafin mako biyu ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, idan Yaya ta danna yatsa sai rami ya zauna. Kwanciya ta gagara, a zaune yake kwana yana haki, domin ruwa ya hau huhu. Maƙwabcinsu Musulmi ne ya ɗauke shi a mota da tsakar dare, shi ya kuma biya kuɗin wankin ranar. Mai wa'azin tuni ya wuce wani gari.

Ni ma ina addu'a, na kuma gaskata Allah yana warkarwa. Sai dai wanda aka warkar, gwajin jini zai nuna, don haka ba abin tsoro a komawa asibiti. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. Baba Fasto, da ku dattawan ikkilisiya, ku ne za ku iya tsawata wa masu irin wannan wa'azi tun kafin su hau bagadi.

Sai maganar baiko. Muna da kirki ranar da aka yi sanarwa, a tara kuɗi sau ɗaya, Zumuntar Mata su kai sabulu da hatsi, shi ke nan. To ciwon nan ba ya hutu. Ko dashen ƙoda aka yi, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake yi tun 2002, mutum zai sha magani iyakar ransa don kada jiki ya ƙi ƙodar. Gara naira 500 daga kowane gida duk wata da babban taro guda wanda ba a sake ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hawan jini ne ya jawo duk wannan, kuma mijin Yaya ya yi shekaru da shi bai sani ba. Kai ya yi ciwo, sai a aika yaro kemis ya sayo Diclofenac ko Ibuprofen, a haɗa da jiƙon da ba wanda ya san abin da ke ciki. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, a hankali suke yi, babu zafi. Fitsari mai kumfa, kumburin fuska da safe, gajiya marar dalili, duk alamu ne da ya kamata a kai wa likita.

Na sayi na'urar awon jini guda biyu, za su iso ta hannun Yaya kafin Kirsimeti. Roƙona shi ne a ajiye tebur a ƙofar majami'a ranar Lahadin farko ta kowane wata, ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su auna kowa bayan sujada, har da maƙwabta idan sun zo. Wanda nasa ya haura 140 bisa 90 a rubuta masa takarda ya je asibiti a cikin makon.

Taku a cikin Ubangiji,
'yar'uwarku daga Ingila