Birki da ailaron: yadda ake saukar da ƙaramin jirgi marar inji a ɗan fili

Matsalar jirgin rimot marar inji ba tashi ba ce, sauka ce. An ƙera shi ne don kada ya yi saurin rasa tsayi, shi ya sa in ka juyo da shi zai sauka sai ya yi ta shawagi yana wuce ka. Jirgin da ke cin mita 15 gaba a kowace mita ɗaya da ya sauko, in ya shigo fili a tsayin mita 5, sai ya ci mita 75 kafin ya taɓa ƙasa. Kusa da ƙasa ma iskar da ke matsuwa ƙarƙashin fiffike tana ƙara masa nisa. Filin ƙwallo kenan ya kusa ƙarewa.

Wanda jirginsa ba shi da filaf (marfin bayan fiffike na kusa da jikin jirgi da ake saukarwa don rage gudu) yana da mafita a ailaron, wato ƙananan marafan nan biyu na bayan fiffike da ke karkata jirgi dama da hagu. A aikinsu na kullum ɗaya na hawa ɗaya na sauka. In aka sa su tashi sama tare, fiffike ya rage ɗagawa, turjiyar iska ta ƙaru, jirgi ya fara gangarowa da sauri: wannan shi ne birkin.

Amma a gane abu ɗaya tun yanzu. Ɗaga ailaron ba ya rage gudun jirgi kai tsaye, tsayi yake ci. Hasali ma ƙaramin gudun da jirgin zai iya yi ba tare da fiffike ya saki iska (wato ya daina ɗaga jirgi) ba yana ɗan ƙaruwa. Gudu yana hannun elebeta, marfin jela mai ɗaga hanci. Amfanin birkin shi ne ka gangaro a tsaye-tsaye ba tare da gudun ya taru ba. Mai jan hanci sama sosai da birki a buɗe, yana zaton jirgi zai tsaya cak, zai ga ya faɗo kamar buhun gero.

To me ya sa ba a saukar da su ƙasa ba, tunda filaf ƙasa yake yi? Saboda ailaron yana can bakin fiffike. In ka saukar da shi, bakin ne zai fara sakin iska kafin tsakiya, jirgi ya kife gefe ɗaya a tsayin da ba ka da damar gyarawa. Ɗaga shi sama kuwa yana sa bakin ya zama na ƙarshen saki. Sai in ailaron ɗin ya bi tsawon fiffike duka, irin na ƙananan jiragen da ake wurgawa da hannu, shi ne ake saukarwa.

Kayan aiki ba su da yawa: sarbo (ƙaramar na'urar da ke motsa marfi) biyu, kowane ailaron da nasa, kowanne kuma a layinsa na risiba, na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi. Wayar nan mai reshe biyu da ke haɗa su a layi ɗaya ba za ta yi ba. Rimot mai manhajar EdgeTX yana yin haɗin (wato sa ailaron biyun su amsa umarnin karkata da na birki tare) cikin sauƙi, ko rimot ɗin Flysky FS-i6 mai haɗi uku kacal yana iya yi in an yi tattali. Ɗora birkin a kan sandar totur in jirgin ba shi da inji, ko a kan maɓallin zamewa. Makunni mai kunnawa da kashewa kawai bai dace ba, don ana son birkin da za ka ƙara ka rage kaɗan-kaɗan. In dole sai makunni, sa jinkirin kamar daƙiƙa ɗaya.

Fara da digiri 20 zuwa 30. A ailaron mai faɗin milimita 40, digiri 30 shi ne tashin milimita 20 a bakinsa na baya. Auna biyun da rula su zama daidai, don bambancin milimita biyu ya isa ya sa jirgi karkata duk sanda ka ja birki. Sannan da birki a buɗe gaba ɗaya, kai sandar ailaron ƙarshen dama da ƙarshen hagu kana saurare. In sarbo yana ƙara, ya kai maƙura, zai sha batir ko ya cinye haƙoransa. Maganin shi ne a ɗan karkata hannun sarbo tun wajen ɗaurawa, yadda rabon tafiyarsa zai fi yawa wajen sama.

A nan ne da yawa suke rasa sitiyari. Ailaron da ya riga ya tashi digiri 30 ba shi da sauran wurin hawa, don haka mai saukowa ne zai yi aikin juyawa. In ka saita rimot yadda mai sauka ke tafiya rabin mai hawa, kamar yadda aka saba, cire wannan saitin a yanayin birki. Ka kuma haɗa ailaron da sitiyarin jela, marfin da ke juya hanci dama da hagu, ya taimaka.

Sai elebeta. Wani jirgin in an ɗaga ailaron hancinsa sama yake yi, wani ƙasa, ya danganta da sigar fiffike da jela. Kada ka yi hasashe a kan tebur. Kai shi sama sosai, fuskanci iska, buɗe birki a hankali ka duba. Gyara da milimita ɗaya ko biyu na elebeta, ka sake gwadawa a rabin birki da cikakkensa, don sau da yawa gyaran da rabin ke so ba rabin na cikakken ba ne.

Wajen sauka, gama juyawarka ta ƙarshe kafin ka buɗe. Shigo da rabin birki: in ka ga za ka wuce ka ƙara, in za ka gaza ka rage. Kada ka rufe shi gaba ɗaya lokaci guda kusa da ƙasa, ɗagawa za ta dawo jirgin ya yi tsalle sama, gudu ya ƙare masa a can.

Mai filaf biyu da ailaron biyu, wato fiffike mai sarbo huɗu, shi ke samun birkin gaske: filaf ƙasa digiri 60 zuwa 80, ailaron sama kaɗan, elebeta ƙasa. Shi wannan yana rage gudu sosai. Sai dai a janye filaf dab da taɓa ƙasa, in ba haka ba ciyawa ko tsakuwa ta kama shi ta fasa giyar sarbo.