Manhajar da ta ɗauki halin ofishinmu

Shekarar da aka kawo mana manhajar sarrafa takardu a wurin aiki, ni aka ɗora wa koyar da ma'aikata. Na ɗauka wata guda ya isa mu huta da yawon fayil daga tebur zuwa tebur. Ashe da sauran rina a kaba.

A da, takardar neman kayan aiki sai ta bi hannu huɗu kafin ta kai ɗakin ajiya. Da masu haɗa manhajar suka zo tambayar yadda muke aiki, kowane shugaban sashe ya kafe sai an sa masa nasa maɓallin amincewa. Aka sa huɗun cif. Ɗaya daga cikinsu ma bai yarda da abin da ke kan allo ba, sai an buga masa a takarda ya sa hannu da biro, sannan a ɗauki hotonta a mayar cikin kwamfuta. Muka wayi gari aikin ya ƙaru da mataki biyu. Laifina a nan shi ne na ɓata makonni ina nuna wa mutane inda za su danna, ban taɓa tambayar dalilin sa hannu huɗun ba.

Daga baya na ci karo da abin da masanin kwamfuta Melvin Conway ya rubuta a 1968, cewa tsarin da ƙungiya ta ƙera yakan fito da kamannin yadda mutanenta ke hulɗa da juna. Sai da na yi dariya, kamar ofishinmu ya leƙa. Masana'antu ma haka suka yi da lantarki. Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta samar da lantarki a New York a 1882, amma masu masana'antu da yawa injin tururi kawai suka cire suka sa babban injin lantarki, doguwar sandar da ke juya duk na'urori da bel tana nan yadda take. Sai wajen shekarun 1920, da kowace na'ura ta samu nata ƙaramin injin aka jera su bisa tafiyar aiki, sannan ribar ta fito sosai.

Abin da ban hango ba shi ne ita ma manhajar za ta taɓa mu. Tana rubuta lokacin da takarda ta iso teburin kowa da lokacin da ta bar shi. Maganar "ai ba ta iso wurina ba" ta mutu murus. A wani taro aka haska allo, kowa ya ga wata takarda ta kwana tara wurin mutum ɗaya, ɗakin ya yi tsit. Kafin shekara ta ƙare, shugabanni biyu da kansu suka nemi a cire maɓallansu, wai dama ba huruminsu ba ne. Ƙaramar ma'aikaciyar da ta fi kowa iya fitar da rahoto kuwa, yanzu da ita ake zama taron manya.

Mai biron nan har yau sai an buga masa, amma yanzu a ranar yake sa hannu.