Saƙon da ya kasa gogewa

Yau bayan lacca a nan Kampala, wani abokin karatuna ɗan arewacin Uganda ya ja ni gefe, ya miƙo min wayarsa bai ce uffan ba. Saƙon tes ne layi uku daga wani asibiti: ana yi wa maza kaciya kyauta, ba dole, ga ranar zuwa. Mako uku saƙon na wayarsa, bai goge ba, bai kuma je ba. Shekararsa 26. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan'uwa, ku da ake yi muku tun kuna yara, da zafi sosai?" Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Ni abin da nake tunawa wanzami ne da sanyin hunturu da naman kazar da aka yi ta ba mu, shi kuwa a garinsu ba al'ada ba ce, ba shi da wa ko kawun da zai tambaya.

Na faɗa masa abin da na sani: gwajin da aka yi a Rakai, nan ƙasarsu, da Kisumu ta ƙasar Kenya da Afirka ta Kudu ya nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin kamuwa da ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, kuma tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararta. Ba ta maye gurbin kwaroron roba, sannan bayan an yi masa sai ya ƙaurace wa mace mako 6. Ya ce in raka shi ranar Alhamis. Har yanzu ina ta tunanin makonni ukun nan da ya yi yana buɗe saƙon shi kaɗai.