Turken da mai gadi ya mayar

A aikin safiyo babu abin da ke sa gabana faɗuwa kamar a kira ni filin da aka dakatar da aikin gini a kansa shekara da shekaru, a ce jibi magina za su dawo. Takarda tana nan a aljihun tebur yadda aka ajiye ta. Ƙasa kuwa ba ta zauna jiran kowa ba.

Watan jiya aka kira ni wani fili da ni da kaina na auna shi shekara 7 da suka wuce. Rukunin gidaje aka so ginawa. An share, an tona harsashin gida uku, sai kuɗi suka yanke, ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya yi gaba. Turaku huɗu na kafa a kusurwoyin filin a wancan lokaci, na kankare, kowanne da guntun rodi a tsakiya da lamba a jikinsa. Na farko mun same shi cikin ciyawa lafiya lau. Na biyu yana ƙarƙashin tulin yashin da tifa ta juye, sai da muka haƙa har gwiwa. Na uku ruwa ya ci wurinsa, kwazazzabo ne yanzu. Na huɗun ne ya dame ni, domin yana tsaye cir, tas da shi, har da sabon fenti.

Na ce wa mai gadin, "Baba, wannan turken a nan yake tun farko?"

Ya ce, "Yallaɓai, katafila ce ta tumɓuke shi ranar da suke shara. Na ga bai dace a bar shi a yashe ba, sai na haƙa rami na mayar da shi inda nake zaton yake."

Dattijon nan da zuciya ɗaya ya yi, kuma na yi masa godiya da bai ɓoye mini ba. Amma da muka auna, turken ya shigo cikin filin da mita 1.4. Maƙwabci kuma, da ya tashi yin katanga shekara uku baya, wannan turken ya bi. Tsawon gefen mita 30 ne, don haka wani siririn yanki mai kusurwa uku, mai murabba'in mita 21, ya koma bayan katangar mutumin da bai taɓa nufin cin iyakar kowa ba.

Mai filin ya zaro wayarsa yana so ya nuna mini iyakar a taswira. Na roƙe shi ya mayar da ita aljihu. GPS na waya kan yi kuskuren kusan mita 5 ko da sararin sama a buɗe yake, mu kuwa rigimar mita ɗaya da 'yan kai muke yi. Na'urarmu biyu ce: ɗaya a kafe kan wurin da aka san lambobinsa na taswira tana aiko gyara, ɗaya a hannuna, shi ya sa kuskuren ba ya wuce santimita 2 zuwa 3. Ga kuma tarkon da ke kama ko ƙwararru. Tsohuwar taswira sau da yawa da ma'aunin taswira na cikin gida aka zana ta, tauraron ɗan adam kuma da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84 yake lissafi, kuma a wasu ƙasashe tazarar tsakanin biyun ta haura mita 100. Ita kanta ƙasar tafiya take yi. Ostareliya na matsawa kimanin santimita 7 a shekara, har sai da suka sabunta ma'auninsu daga na 1994 zuwa na 2020, lambobi suka gusa da kusan mita 1.8.

Don haka ban fara daga cikin filin ba. Na nemo turken gwamnati da ke can waje, inda katafila ba ta kai ba, na ɗauro awon daga nan. Tazarar da ke tsakanin turaku biyun da suka tsira ta yi daidai da tsohuwar taswira, bambancin santimita 2 kacal, sai na amince da su. A ƙasashe da yawa doka ta fi ba asalin turken da ba a taɓa shi ba nauyi a kan lambar da ke takarda, kuma ina ganin daidai ne, domin shi mutane suka gani da idonsu ranar da aka yi ciniki. Da su biyun na fitar da gurbin sauran. Na kwazazzabon ba inda za a kafa shi, sai na dasa masa turakun shaida biyu a tudu na rubuta nisan kowanne.

Turken Baba ban cire shi ba, sabo ma ban kafa ba, sai da aka kira maƙwabcin. Na fi ƙin jinin a wayi gari mutum ya ga an sauya iyaka a bayan idonsa. Ya zo, muka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsaya ya daɗe yana kallon yadda ta ratsa ta bayan katangarsa. Sabuwar taswirar ta nuna duka ukun: asalin layi, inda katanga take, da inda aka samu turken, da kwanan wata, kuma kwafinta ya tafi ofishin filaye.

Har yanzu suna shawara ko a sayar masa da yankin ko a rushe katangar. Na ce wa mai filin magina su fara ta ɗaya gefen, kada diga ta taɓa wannan ɓangaren sai su biyun sun sa hannu.