Laraba a bakin ruwan Yelwa, da hotunan Sugimoto a waya

Yau da sassafe na sauka bakin ruwa nan Yelwan Yauri don in gwada ɗaukar ruwan kwance sumul, bayan na sake duba hotunan teku na Hiroshi Sugimoto, mai ɗaukar hoton nan ɗan Japan da aka haifa a 1948. Tun 1980 yake wannan aiki, kuma tsarin bai sauya ba: baƙi da fari, rabi ruwa rabi sama, layin da ya raba su a tsakiya cif. Babu jirgi, babu tsuntsu, babu mutum. Da babbar kyamara mai fim na inci 8 da 10 yake ɗauka, wasu kuma yakan bar idonta a buɗe na dogon lokaci har ruwan ya kwanta sumul.

Kwantar da ruwan ba sihiri ba ne. Da hasken safiyar yau, a ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara) da f/11 (faɗin ƙofar da haske ke shiga), kyamara na neman idonta ya buɗe na 1/125 na daƙiƙa. In aka ɗora filta mai duhu mai mataki 10 (gilashin da ake sa wa idon kyamara, kowane mataki na rage hasken da rabi), lokacin ya ninku sau 1,024, ya koma kusan daƙiƙa 8, kuma a cikinsu ƙananan igiyoyin ruwa ke narkewa. Sai dai tilas a kafa kyamarar kan mariƙi mai ƙafa uku, a daidaita gani kafin a sa filtar, domin bayan an sa ta kyamara ba ta ganin abin da za ta kama. Jiƙaƙƙen yashi kuwa maƙiyi ne: ƙafa ɗaya na nutsewa a hankali, hoton ya fito a karkace kuma a dushe. A danna ƙafafun har su tsaya, ko a sa fale-falen duwatsu a ƙarƙashinsu. A saita jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza ta. Ƙyallin ruwa ma na ruɗin ma'aunin haske, ya mai da farin ruwa toka-toka, don haka a ƙara haske mataki ɗaya. Kada a matse ƙofar hasken zuwa f/22 a wannan hunturu, duk ƙurar da ta shiga ciki za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Layin tsakiyar ne ya gagara. Namu ba teku ba ne, kogin Neja ne da ya faɗaɗa tun da aka tare shi da madatsar ruwa a Kainji a 1968, ga gungu nan, ga tsallake can. Hazo ya taimaka har wajen ƙarfe takwas, ya shafe tsallaken, sannan rana ta dawo da shi. Kwalekwalen da ya ratsa kuma sai ya bar sawu baƙi-baƙi a hoton kamar an goga gawayi.

Hotunan Sugimoto suna da kyau, ban musa ba, amma natsuwar da ke cikinsu ta wanda ba ya cin abinci daga ruwa ce. A ƙasar Yauri da Ngaski, inda ba a manta da kifewar jirgin da aka yi kusa da Warra a 2021 ba, ruwa fayau babu kowa a kansa ba lallai ya kwantar wa mai kallo hankali ba. Shi ya sa da yamma na cire filtar, na koma 1/1000 na daƙiƙa, na jira masunci ya wurga birgi. A wannan saurin ragar na tsayawa a buɗe cikin iska, har dalmar bakinta a ƙirga. Rana ta kasance a gefe, kada a fuskance ta, in ba haka ba mutumin ya zama inuwa kawai.