Daga Exeter Zuwa Teignmouth A Kan Katangar Teku

Da hantsi na hau jirgin ƙasa a tashar Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila, kuma tun kafin mu ɗaga wani dattijo ya ba ni shawarar in koma kujerun hagu, domin ta nan ruwa yake. Da farko bakin kogin Exe muka bi, inda ruwa ya janye ya bar laka da ƙananan kwale-kwale a kishingiɗe.

A Starcross na hango wani tsohon gini mai hasumiya, wanda saura ne daga wata dabara ta injiniya Isambard Kingdom Brunel, mutumin da ya tsara wannan layin dogo da aka buɗe a 1846. Nufinsa shi ne jirgi ya yi tafiya ba tare da inji a gabansa ba, don haka aka shimfiɗa bututu a tsakanin ƙarafan dogo, injuna a irin wannan gini suna zuƙe iskar da ke ciki, ita kuwa iskar baya tana tura fistan, wato wani ƙarfe da ke zamewa a cikin bututun, wanda aka haɗa da tarago. Fatar da ke rufe tsagar bututun ce ta riƙa bushewa tana yagewa, har aka watsar da tsarin a 1848.

Muna wuce Dawlish Warren sai teku ya buɗe, kuma a nan ne na ajiye wayata. Jajayen duwatsu sun tsaya a damanmu, ruwa yana hagu, layin kuwa yana bisa katanga, kusa da ruwan har feshinsa yana taɓa tagogi. Wannan kusanci da ke burge matafiyi shi ne kuma ciwon kan masu kula da hanyar. A Fabrairun 2014 guguwa ta rushe wani sashe na katangar a Dawlish, ta kwashe ƙasa da tsakuwar da ke ƙarƙashi, ta bar ƙarafan dogo suna lilo a sarari, kuma sai a watan Afrilu jirage suka dawo. Daga baya aka kashe kimanin fam miliyan 80 wajen gina sabuwar katangar kankare wadda ta fi tsohuwar tsayi, aka lanƙwasa bakinta ta yadda igiyar ruwa idan ta dake ta, za ta juya ta koma inda ta fito. Ba zan ce ta yi kyan gani ba, amma na fahimci dalilinta.

Tsakanin Dawlish da Teignmouth sau biyar muka kutsa cikin hanyoyin da aka fasa a cikin dutse, duhu ya rufe mu, haske ya dawo, ruwa ya sake bayyana. A bakin hanya ta ƙarshe an yi wa layin rufi saboda duwatsun da ke gangarowa daga sama. Da na sauka a Teignmouth na shafa jikin taragon, sai na ji gishiri a yatsuna.